Neman shawara: mai sayen rigunana a Ingila ta janye saboda ni ɗan Najeriya ne

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena na wannan zaure, ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni barci. Ni haifaffen cikin birnin Zariya ne, na gama digiri a Samaru, na yi hidimar ƙasa, aiki bai samu ba, sai na koma sana'ar gidanmu. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ɗinkin babbar riga ya yi duk rayuwarsa, kuma har yau matan unguwarmu da yawa da aikin hannu suke ciyar da 'ya'yansu. Ana zana musu aska takwas ko aska biyu a kan shadda, su yi makonni da allura suna cikewa, a kai wa mabuga, sannan a kai kasuwa, inda dillali ke samun fiye da wadda ta ƙarar da idonta a kan rigar. Abin da ya sa na fara ɗora hotunan rigunan a intanet ke nan, don kuɗin su riƙa isowa hannun masu wahalar.

Wata mata mai shagon kayan Afirka a Ingila ta gani, ta sayi riga ɗaya ta yaba, daga baya ta ce tana son goma sha biyu. Na ranci kuɗi wurin yayana, na sayi shadda da zare, na raba aikin. Da lokacin biya ya zo, bankinta ya tsayar da kuɗin, ya kira ta yana tambayar ko ta taɓa ganina ido da ido. Saƙonta na ƙarshe shi ne ɗanta ya nuna mata labaran 'yan damfarar Najeriya, tana ba ni haƙuri, amma ba za ta iya ci gaba ba. Wani abokina ya ce in buɗe sabon shafi in rubuta cewa ina Ghana, in riƙa karɓar kuɗi ta asusun wani ɗan uwansa da ke waje. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma kullum matan nan suna aiko yara su tambayi kuɗinsu. Me kuke ganin ya dace in yi?

Maman Sadiƙ, Samaru:
Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya kawo maka mafita. Wannan baƙin jini ba a waje kaɗai yake cin mu ba. Ɗana na fari aikin kwamfuta yake yi wa wani kamfani daga ɗakinsa, amma ranar da ya tafi Kaduna da jakar kwamfutarsa, jami'an tsaro suka sauke shi daga mota, suka bincike wayarsa saƙo bayan saƙo a gaban jama'a suna kiransa ɗan yahu. Yaron da ko sallar asuba ba ya bari ta wuce shi a masallaci. Tun ranar ba ya son fita da ita, ni kuma ba na samun natsuwa sai ya dawo gida.

Baban Khalifa, Sabon Gari:
Ƙanena, ka saurare ni da kyau, domin na daɗe a harkar fitar da citta da zoɓo. Shawarar abokinka guba ce. Ɓoye ƙasar da kake da karɓar kuɗi ta asusun wani mutum dabam su ne ainihin alamomin da bankunan waje ke nema don gane ɗan damfara, kuma ranar da aka gano, ba mai sauraron bayanin cewa rigunanka na gaskiya ne. Kada kuma ka ga laifin matar nan. Tun kafin intanet, da wasiƙun gidan waya da na'urar fakis aka fara aika wa Turawa alkawarin miliyoyin da babu su, har lambar 419 ta zama sunan da duniya ta san mu da shi. An kafa EFCC a 2003 abin bai tsaya ba. A watan Agustan 2019 hukumomin Amurka sun tuhumi mutum 80 a lokaci guda, mafi yawansu 'yan Najeriya. An kama Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, a Dubai a 2020, kotu a Amurka ta yanke masa fiye da shekara 11 a 2022. A Yulin 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 daga Najeriya saboda yi wa mutane barazana da hotunan tsiraicinsu don karɓar kuɗi. Abin da ɗanta ya karanta ke nan, kuma ba ƙarya ba ne.

Maganin wannan takardu ne. Ka yi wa sana'arka rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka karɓi takardar mai fitar da kaya daga NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, ka buɗe asusun kuɗin waje da sunan kasuwancin, ka cike fam ɗin NXP, na bayyana kayan da za a fitar waje, ta bankinka. Amma ina da tambaya guda biyu da ka tsallake: ta yaya ta biya rigar farko, kuma sunan wa ke kan asusun da ka ba ta?

Ɗan Birni:
Na gode, Yaya. Rigar farko wani ɗalibi ɗan unguwarmu da ke karatu a can ne ya tafi da ita, ya karɓi kuɗin a hannu. Asusun kuwa na yayana ne, domin shi ke da asusun dala, kuma shi ya ba ni rancen, don haka na ga ya fi dacewa kuɗin su fara shiga hannunsa. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ban ga abin zargi a nan ba.

Baban Khalifa, Sabon Gari:
To, ga matsalar nan. Da kai take magana, sai ta ga wani suna a kan asusu. Ma'aikacin bankin Ingila bai san yayanka ba, bai san zumuncinku ba, abin da ke gabansa kawai shi ne suna biyu da ƙasa ɗaya da aka gargaɗe shi a kanta. Kuma me ya hana ka karɓi rabin kuɗin kafin ka yanka shadda?

Malam Na Tudun Wada:
Alhaji, ina girmama ka, amma ban yarda a ɗora wa yaron nan laifi ba. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma wani lokaci waken ma ba namu ba ne. A Disambar 2024 EFCC ta kama mutum 792 a wani bene a Legas, cikinsu akwai 'yan Sin 148 da 'yan Filifin 40, kuma hukumar ta ce baƙin ne ke ɗaukar yaranmu aiki suna koya musu yaudarar. Wa ya daina ciniki da ƙasar Sin saboda haka? Ita kanta lambar 419 sashe ce ta kundin laifuffukan da ake aiki da shi a Kudu, mu a Arewa wani kundin ne dabam. Shawarata ita ce ya rubuta wa matar ya bayyana mata cewa shi Bahaushe ne daga Zariya, garin ilimi, kuma mu ba a san mu da wannan ɗabi'a ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Malam, gafarta, amma kada mu yaudari kanmu. Ni a shagona aka nuna mini alat na bogi, yaro da hularsa da carbinsa, yana Hausa tatacciya, ya kwashe atamfofi ya tafi, sai da yamma na gane ko kwabo bai shiga ba. Tsofaffi nawa aka kira a waya da Hausa aka ce daga banki ne, aka karɓi lambobin katinsu aka share musu asusu? Abin da ya fi damuna shi ne iyaye. Yaro ba ya aikin fari ba ya na baƙi, ya shigo da mota, uwa ta yi guɗa, uba ya sa albarka, ba wanda ya tambayi daga ina. Muddin ana ba irin waɗannan kujerar gaba a wurin biki, sunanmu ba zai gyaru a waje ba, ko an kama mutum dubu. Kuma Baturiya ba ta san bambancin Zariya da Legas ba, fasfo ɗaya take gani.

Abu Hanif, Kongo:
Ni dai gaskiya zan faɗa. Ina yi wa mutanen waje aikin zane a kwamfuta, kuma sai da na cire sunan Najeriya daga shafina sannan na fara samun masu ba ni aiki. Ban cuci kowa ba, aikina nake miƙawa a biya ni. Masu cewa a yi haƙuri a gyara suna ba su ne za su biya matan nan ba.

Baban Khalifa, Sabon Gari:
Abu Hanif, duk mai gaskiyar da ya ɓoye ƙasarsa ya bar wa 'yan damfara sunan su kaɗai. Idan aikinka ya yi kyau Ghana ce ta samu yabo, idan aka kama ɓarawo Najeriya ce ta sha zagi, to yaushe lissafin zai canza? Ko a hukumance ma abin yana motsi idan an yi aiki: an sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da hukumar FATF ke sa wa ido kan safarar kuɗin haram a Fabrairun 2023, aka cire ta a Oktoban 2025 bayan gyare-gyare. Ɗan Birni, ka kira matar ta bidiyo, ka nuna mata rigunan da masu ɗinkin, ka ce za ka aika guda uku ta biya bayan sun isa.

Maman Sadiƙ, Samaru:
Idan ya aika uku ta riƙe fa? Su ma ai akwai macuta a cikinsu. Ni ina ganin ya kai rigunan Kano ko Abuja ya sayar ko da ribar ta ragu, ya sallami matan nan tukuna, domin hakkinsu ya fi komai nauyi.

Ɗan Birni:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Amma ina so a fahimce ni. Ban nemi rabin kuɗi ba ne domin na san abin da ake faɗa a kanmu, na so ta ga cewa akwai ɗan Najeriyar da zai fara ba da amana kafin ya nema, kuma har yanzu ina ganin hakan daidai ne. Batun bidiyo kuwa, yawancin masu ɗinkin matan aure ne a cikin gidajensu, ba zan shiga da waya ina ɗaukar su ba. Rigunan kuma an yanka su ne a kan awon da ta aiko, sun fi namu gajarta, dillalan Kano za su karya farashin ƙwarai. Rajistar da Yaya ya lissafa tana buƙatar kuɗi da lokaci, ni kuwa bashi ne a kaina yanzu. Na sake tura mata saƙo, ta buɗe ba ta amsa ba, abokina kuma ya ce in ba shi amsa kafin Juma'a. Abu Hanif, don Allah kai ta wace hanya kuɗinka ke shigowa, kuma an taɓa rufe maka shafi?