Neman shawara: yaya zan cire tsohon fenti daga robar mota ba tare da ta lalace ba?

Mai Golf: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina gyaran Golf 3 ta mahaifinmu, burina ta koma yadda ta fito daga kamfani. Inji ya tashi, an gama bugun jiki, saura robobi. Bamba ta gaba da ta baya asalinsu baƙaƙe ne masu ɗan kaushi, amma wanda ya riƙe motar kafin Baba ya sa an fesa musu ja, daga baya aka ƙara ruwan azurfa a kai. Yanzu fentin sai ɓamɓarewa yake, idan ka sa farce ya taso ka ga jan a ƙasa. Ragar gaba da murafun madubi ma haka. Wani yaro a gareji ya ce in jiƙa tsumma da tina (ruwan da ake tsinka fenti da shi) in goge. Ban yi ba tukuna. Don Allah masu sani a taimaka.

Tsohon mai fenti: Wa'alaikumus salam. Yaro, ajiye tinar nan. Roba ba iri ɗaya ba ce. Kwance kayan ka juya bayansu, za ka ga haruffan da kamfani ya buga. Idan ka ga PP ko PP+EPDM, wannan tana da juriya, yawancin bamba ita ce. Idan ka ga ABS, to tina da asiton narkar da ita suke, ta yi danƙo, ta bushe da tabon da ba ya gyaruwa. Maganin cire fenti na gwangwani da ake sa wa ƙarfe shi ma kada ya kusance ta.

Mai Golf: Baba na duba. Bamba PP+EPDM, raga da murafun madubi ABS.

Tsohon mai fenti: Madalla. Bambar ba za ta wahalar da kai ba, domin fenti ba ya kama PP sai an sa mata firaimar roba (shafin farko da ke sa fenti ya kama), kuma yadda ka ce yana tasowa da farce, ba a sa ba. Kai ta wurin wankin mota mai injin feshi mai ƙarfi, a bi ta a karkace daga inda fentin ya fara tashi, za ka ga yana fita falle-falle. Abin da ya maƙale a cikin kaushin, buroshin roba da haƙuri. Kada samfefa ta taɓa ta, in ka shafe kaushin nan ba ya dawowa.

Ɗan Panteka: Oga, mu a nan man birki muke shafawa, DOT 3, a naɗe da leda ya kwana, da safe fenti ya kumbura.

Bakanike: Yana ci, ban musa ba. A kan bamba babu laifi. Amma ABS man birki yana sa ta gautsi, sai ka zo mayar da raga ka ji kunnuwanta sun karye. Kuma in ba a wanke shi sarai da omo ba, sabon fenti ba zai zauna ba.

Maman 'yan biyu: Ni sabulu nake yi, sodarmu tana cin fentin mai kuma ba ta narkar da roba. Sai dai ɗan'uwa ka kiyaye: soda ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin soda ba. Sa safar hannu da tabarau, ka nesanta ta da yara, kada ta taɓa alminiyam.

Tsohon mai fenti: Gaskiyar Hajiya, amma in fentin irin wanda ake haɗawa da hadina ne (sinadarin da ke ƙara masa tauri), soda ba za ta yi masa komai ba. Gwada a lungun da ido ba ya gani. Ragar da murafun madubin kuwa, tunda fenti za ka sake musu, ba sai ka kai ga roba tsirara ba. Samfefar ruwa lamba 400, ka bi da 600 har wurin ya yi sumul, sai firaimar roba. Wuta kuma ko ta na'urar hura zafi ce ka bar ta, lanƙwasa kayan take.

Mai Golf: Allah Ya saka da alheri. Gobe in sha Allah zan fara da kai bambar baya wurin wanki, zan turo muku hoton yadda ta fito.