Neman kalma: me za mu kira "indie label" da Hausa?

Jama'a, ina fassara wani shiri ne na rediyo kan waƙa, na zo kan "independent label" na cije. Na rubuta "kamfanin waƙa mai zaman kansa", na karanta, sai na ga ban faɗi komai ba. A bakinmu, mai zaman kansa shi ne wanda ba na gwamnati ba, kamar asibitin kuɗi ko makarantar kuɗi. To ai Universal da Sony da Warner, manyan nan uku da suka kankane kasuwar waƙa ta duniya, su ma ba na gwamnati ba ne. Alhali kalmar tana nufin wanda ba ya ƙarƙashin waɗannan ukun.

Wani Malam daga Damagaram ya ce a kira shi "tambari", tunda asalin "label" ɗin ita ce 'yar takardar nan da ake mannawa a tsakiyar faifan garmaho. Malam, tarihin naka daidai ne, amma in na ce mawaƙi ya bar tambarinsa, mai saurare zai zaci na gidan sarki ake nufi.

Ni dai zuciyata ta fi kwantawa da "gidan faifai". Muna da gidan rediyo, gidan jarida, har gidan dambe. Na ƙara masa "mai cin gashin kansa" in ana son bambancewa. Ƙungiyar makaɗan da ta sa hannu kuma ta zama 'yar gida. Ta shiga gidan, ta bar gidan, magana ta zauna.

Wata Hajiya da ta yi min gyara ta ce in haka ne, mai kamfani ya zama ubangida, makaɗa kuma yaransa ke nan. Hajiya, a nan ne nake tababa, kuma ga dalilina.

Akwai Factory Records, wanda Tony Wilson da Alan Erasmus suka kafa a Manchesta ta Ingila a 1978. Su ne suka fitar da ƙungiyoyin makaɗa irin su Joy Division da New Order da Happy Mondays. Tsarinsu shi ne a raba riba biyu, rabi na gida, rabi na makaɗa, kuma waƙa ta mai waƙa ce, duk ranar da ya ga dama ya kwashi kayansa ya ƙara gaba. Ana yi musu kirari da wannan mutunci, sai da bashi ya yi musu katutu. A 1992 kamfanin London Records ya zo zai saye su, da aka duba takardu sai aka tarar gidan bai mallaki waƙoƙin da ake son saye ba. Ciniki ya watse, Factory ya durƙushe a shekarar, New Order kuwa suka koma London Records ɗin da kansu. Yanzu don Allah, wane irin ubangida ne wannan, da yaro zai fita da tukunya da murhu? Ya fi kama da abokin kasuwa, ko mai masauki.

Shi ya sa nake ganin a bar "ubangida" ga irin yarjejeniyar da kamfani ke ba da kuɗin kafin alƙalami, ya riƙe asalin faifan, wanda 'yan situdiyo ke kira masta, sannan ya cire kuɗinsa tas kafin mawaƙi ya ga ko sisi. Wannan kam ubangida ne, ba musu. Sauran a ce "mai gidan faifai" kawai.

Wani ɗan'uwa ya tambaya, to Mavin, gidan faifan Don Jazzy na Najeriya fa, da Universal ta sayi kaso mafi tsoka a 2024? Haka Sub Pop na Amurka, gidan farko na ƙungiyar makaɗa ta Nirvana, Warner ta sayi kashi 49 cikin ɗari a 1995, amma har yau ana lissafa shi cikin masu cin gashin kansu. Mavin dai gashin ya koma hannun wani, "gidan faifai" kurum zan kira shi. Sub Pop kuwa na bar masa cikakken sunan a rubutuna, tunda kashi 51 ya rage a gida. Da asuba za a naɗi shirin, mai gyara ya kawo kafin a kira sallar isha'i.