Muhawara: Wai bishiya tana ƙarewa?

Uban Ɗalibi: Jama'a ku taya ni gani. An ce yarona ya kawo misalin albarkatun ƙasa da ba sa ƙarewa, ya rubuta bishiya, malama ta zabga masa jan biro. Alhali littafinsu ya jera bishiya da rana da iska wuri guda, ya ware fetur da kwal da gas daban. Malaman yanzu sai a hankali!

Malamar Firamare: Yallaɓai, koma ka duba littafin. "Masu sabuntuwa" za ka gani. Daji yana sabuntuwa in ana dasa madadin abin da aka sare, amma in sara ya fi tsiro, ƙarewa yake tas. Kifin kod ma haihuwa yake, amma a 1992 sai da Kanada ta dakatar da kamunsa don an kusa kwashe shi.

Dattijo: Wai "ba sa ƙarewa". Komai mai ƙarewa ne sai Allah. Ita ranar wa ya ba ta tabbas?

Ɗan Jami'a: Baba, gaskiyarka, amma saura mata kusan shekara biliyan 5.

Injiniya: To a wannan ma'aunin fetur ma ba ya ƙarewa. Daga gawarwakin ƙananan halittun teku yake samuwa, kuma har gobe suna mutuwa.

Malamar Firamare: Injiniya, ka zauna jiran miliyoyin shekaru ya nuna, sai ka kira mu. Abin da ake zuƙewa a ƙarni ɗaya ko biyu, sabuntuwarsa ta amfani wa?

Mai Sola: Shi ya sa kullum nake cewa a koma hasken rana.

Injiniya: An fara talla! Litiyam ɗin batirinka a bishiya yake tsirowa? Haƙo shi ake yi, Alhaji.

Mai Sola: Da ma kai a man kake ci, me za ka ce?

Injiniya: A gaya masa ya iya bakinsa.

Uban Ɗalibi: Ni fa makin yarona nake magana.

Ɗan Jami'a: Yallaɓai, turo hoton tambayar mana.

Uban Ɗalibi: Takardar ba ta hannuna.

Shugaban Zaure: An rufe. A taƙaice, Malama ta yi bayani gamsasshe, kamar yadda mu malamai muka saba. Wasu iyaye dai rainin malami ne ya yi musu katutu. Injiniya, wannan gargaɗinka ne na ƙarshe.