Jama'a mi za mu ce ma fomat da Hausa, don "wanke kati" na jawo ɓarna

Salamu alaikum 'yan uwa masu hoto na Katsina da Daura, da duk mai 'yar ƙaramar kamara ta aljihu. Kalmar wanke ta yi mana aiki biyu. Tun zamanin fim muke cewa a wanke hoto, ma'ana a fiddo shi a takarda, yanzu kuma yaran shago na cewa a wanke memori, katin da kamara ke ajiye hotuna a ciki, ma'ana a yi mishi fomat, a mai da shi wayam kamar sabo. To mutum ya ɗauko hotunan hawan sallah a Ƙofar Soro ko na Sallar Gani a Daura, ya miƙa ma yaro kati ya ce wanke min, wane wankin ke nan? Ɗaya ka amshi hotuna, ɗaya ka amshi kati wayam.

Wani malami ya ce a bar shi wanke, ai kamar wanke allo ne. Allah ya gafarta malam maganarka ta zauna, da babu wankin hoto da na bi ka, amma yana nan kuma bai da niyyar tafiya.

An kawo goge. Goge mun riga mun ba diliti, wato ka cire hoto ɗaya ko biyu da ba ka so. An kawo sabunta, shi kuma ya tafi ma ofdet na waya. Wanda ya hi kusa shi ne share, a baki daidai yake, amma rubuta shi a waya ka gani, yaro zai karanta shi da Turanci ya ɗauka cewa ka yi ya tura ma mutane.

Bari in ɗan faɗi abin da fomat ke yi don mu zaɓa da sani. Katin SD yana da jadawali da ke nuna inda kowane hoto yake, fomat na yau da kullum wannan jadawalin yake rushewa ya shimfiɗa sabo, da kamara ta tashi ɗauka sai ta buɗe foldarta mai suna DCIM, hotunan kansu suna nan kwance har sai an ɗauki wasu sun hau kansu, shi ya sa in tsautsayi ya faɗa maka ka zare katin nan take kada ka ƙara ɗaukar ko ɗaya, akwai manhajojin da kan iya dawo da su. Kuma ba duk kati ke shiga duk kamara ba. SD na asali iyakarsa 2GB, SDHC ya fito a 2006 yana kaiwa 32GB, SDXC ya biyo a 2009 da wani tsarin jadawali daban, exFAT. Tsohuwar kamara in ka sa mata SDXC sai ta ce ba ta gane ba ko ta nemi ka yi fomat, mutum kuma ya danna eh bai san mi ya amsa ba.

Ni dai kankare na zaɓa. Kankare kati. Na san wani zai ce ai yanzu ka ce hotunan ba su mutu ba, gaskiya ne, amma na fi son kalmar da za ta sa hannun yaro ya tsaya ya sake tambaya, ba wanda zai ji an ce a kankare mishi hotunan bikin ɗiyarsa ya ce to.

Sai maganar tura. Komi tura muke cewa, da waya ta USB ko da kadrida, 'yar na'urar da ake sa ma kati a jona da kwamfuta, alhali abu biyu ne. Kwafa, hoton na kati kuma yana kwamfuta. Kwashe, ya bar katin gaba ɗaya. A riƙa cewa kwafa min, a buɗe a gani sun shiga, sannan a yi maganar kankarewa. Kuma kafin ka ba kowa katinka ka ja 'yar makullin nan ta gefensa ƙasa, da ita a kulle galibi ba a gogewa ba a rubutawa.

'Yan Daura ban ji ta bakinku ba, mi kuke cewa a can? In akwai wadda ta fi kankare ku kawo, in babu mu fara faɗarta a shago daga gobe.