Warin sabbin kayan ɗaki ya cika ɗakin amarya, kuma tana da asma

Maman Amarya, Sabuwar Unguwa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema don Allah. Bikin ɗiyata saura 'yan makonni, mun riga mun karɓo kayan ɗakinta daga wurin kafinta: gado, wadrob mai ƙofa huɗu, madubi da kujeru, sai katifa da muka saya daban. Muka kai su gidan da za ta zauna muka kulle a uwar ɗaka da ledojinsu, don gudun ƙura. Jiya ni da ƙanwata muka je auna labule. Wallahi muna buɗe ƙofa wani wari ya buge mu, idona ya kama ruwa, maƙogwarona na ƙaiƙayi, ita kuwa da ciwon kai ta koma gida. Da na jawo durowar jikin gado na kai hanci, nan abin ya fi ƙarfi.

Abin da ya tada mani hankali, yarinyar tana da asma tun tana ƙarama, ko hayaƙin murhu ba ta jurewa. Dangi na cewa in an yi jere aka turara ɗakin shi kenan. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Warin nan na cutarwa ne? Ta yaya ake fitar da shi?

Kafintan Ƙofar Ƙaura:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Wannan sana'ata ce, bari in faɗa maki yadda abin yake.

Yawancin kayan amare na yanzu da MDF muke yin su. Garin katako ne aka cakuɗa da gam, inji ya matse shi ya zama falanki. Saboda haka wari iri biyu kika shaƙa. Akwai na fesa, wato fenti da tina da banish, haɗe da gam ɗin da muke manna soson kujera da shi. Wannan shi ke hawa kai, amma yana saurin tafiya in ya samu iska. Sai na cikin falankin kansa, wanda kika ji a durowa. Shi a hankali yake fita, yakan ɗauki watanni yana raguwa.

Ledar nan ita ce babbar matsalar. Lokacin biki aiki kan yi mana yawa, masu kaya na matsa lamba, sai a fesa yau a naɗe gobe, fentin bai gama shan iska ba. Kun kuma rufe ɗaki a wannan zafin na bazara. Gobe ki sa yara su yaye ledar kaf, har ta katifa. A zare durowoyi gaba ɗaya a jera su a ƙasa, a wangale ƙofofin wadrob, a jingine katifa a tsaye. In gidan na da baranda mai inuwa, abin da ke ɗaukuwa a fitar da shi can da rana. Kada dai a sa inda rana ke duka, fenti zai dushe. Kada kuma a wanke da ruwa, MDF in ya sha ruwa kumbura yake yi, ba ya komawa daidai. Tsumma mai ɗan danshi ya wadatar.

Nas daga Daura:

Hajiya, gara da hankalinki bai kwanta ba. Abin da ke fita daga falankin sunansa fomaldihaid, shi ne ake narkawa a ruwa ya zama fomalin da ake adana gawa da shi. Yaji a ido, hanci da maƙogwaro su ne alamunsa na farko, kuma yana iya tayar wa mai asma da ciwonta. A 2004 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo kansa ga ɗan Adam. Kada wannan ya firgita ki, hujjar ta fi fitowa ne daga ma'aikatan da suka yi shekaru suna shaƙarsa da yawa a wurin aiki. A 2010 kuma hukumar ta ce kada ya wuce miligiram 0.1 a kowace mita kubik ta iskar ɗaki. Ba mu da na'urar auna wannan a gida, amma ɗakin da ya sa idonki ruwa bai kamata a kwana a cikinsa ba tukuna.

Zafi da danshi na ƙara fitar da shi. A Amurka, bayan guguwar Katrina ta 2005, an zaunar da mutane a ƙananan gidajen wucin gadi masu irin waɗannan falankan, suka yi ta kukan ciwon kai da tari, da aka auna aka tarar da shi da yawa a ciki. Mu nan da zafi kan kai digiri 40 a watan Afrilu, hakan na iya zama mana amfani muddin ba kowa a ɗakin: zafin ya fito da shi, iska ta kwashe. Ki buɗe taga da ƙofa su fuskanci juna, ki ajiye fankar tsaye a bakin taga tana hurawa waje. Fankar sama juya iskar kawai take yi. Esi ma haka, irin na manne a bango iskar ɗakin yake sanyayawa ya maido, ba ya shigo da sabuwa.

Hajiya Babba, Rafindadi:

To 'yan nan, ɗakin amarya ba turaren wuta ai bai zama ɗakin amarya ba. Mu da muka aurar da yara, albasa muke yankawa mu ajiye a kusurwa, mu zuba gawayi a kwano, sannan a turara. Ba mu ga abin da ya same su ba.

Nas daga Daura:

Hajiya Babba, Allah ya ƙara girma. Kayan da aka yi wa yaranku a da yawanci katakon gaske ne irin su maɗaci, ko gadon ƙarfe, ba su da wannan gam ɗin. Gawayi marar wuta a kwano ba ya cutarwa, sai dai abin da zai tsotsa kaɗan ne. Albasa da turare kuwa hanci suke rufewa, sinadarin na nan a iskar, an ƙara mashi hayaƙi. Wannan ne ya fi ba ni tsoro, domin in ƙamshi ya danne wari sai a rufe tagogi a ce an gama. Ban ce a hana ta turare ba. A turara labule da zannuwan gado a tsakar gida, su sha iska, sannan a shigar da su. Kasko da garwashi dai kada ya zauna a rufaffen ɗaki, yana fitar da kabon monoksaid wanda ba shi da wari kuma yana kisa. Maganin shaƙarta ya kasance a kusa da ita daga daren farko. In ƙirjinta ya fara kuka ko numfashi ya yi mata wuya, a fitar da ita daga ɗakin a tafi asibiti.

Maman Amarya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi magana da uwar ango, za su bar mana makulli. Malam kafinta, in ranar jere ta zo wadrob ɗin bai daina ba fa?

Kafintan Ƙofar Ƙaura:

Sai a kafa shi a ɗaya ɗakin, kada a sa shi inda za su kwana, ko da 'yan ganin ɗaki za su yi magana. Kada kuma a zuba lefe a ciki yanzu, atamfa na kama wari. Kafin nan ki kira wanda ya yi aikin ya duba bayan wadrob, ƙarƙashin gado da cikin durowa. Duk inda aka yanka falanki aka bar bakinsa tsirara, kina ganin garin katakon, ta nan ya fi fita. Ya bi su da tef ɗin gefe ya rufe. Aikin yini ɗaya ne, amma a yi shi a waje, domin shi ma da gam ake manna shi.