Wace kalma za mu ba syringomyelia da Hausa?

1/ Jama'a, ku taya ni mu tsayar da kalma. Makon jiya na yi wa wata baiwar Allah tafinta a gaban likitan ƙwaƙwalwa. Yatsunta duk tabon ƙuna: takan sauke tukunya daga murhu ba ta ji zafi ba, sai dai ta ga fata ta tashi. Hoton cikin jiki na MRI ya nuna syringomyelia, wato ruwa da ya taru ya yi rami a tsakiyar laka. Na ce mata, "Baba, ƙari ne a lakarki." Nan take ta fashe da kuka, ta ɗauka ciwon daji ne. Har yau abin na damuna, domin kalmar da na zaɓa ce ta firgita ta.

2/ Ga yadda abin ya fi faruwa. Gindin ƙoƙon kai ne ya yi wa ƙaramar ƙwaƙwalwa (ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya) kaɗan, sai ƙasanta ya zurma cikin ramin da laka ke bi ta sauka, milimita 5 ko fiye. Hans Chiari, likita ɗan Ostiriya, ya bayyana wannan a 1891. Ruwan da ke kewaya ƙwaƙwalwa da laka ya rasa hanya, a hankali ruwa ya taru a tsakiyar laka ya yi rami mai tsawo. Masu wannan matsalar kan ji ƙeya na sarawa in sun yi tari ko atishawa.

3/ Wani ya ce "kumburin laka". Ban yarda ba, hankalin mutane sanƙarau zai tafi. "Jakar ruwa" kuma za ta sa a zaci ciro ta za a yi a yar.

4/ A Girkanci, asalin kalmar sarewa ce da ɓargo. "Sarewar laka" na da daɗin ji, amma ni "kogon laka" na zaɓa. Kowa ya san kogon kuka: daga waje bishiya lafiya lau, ciki kuwa rami.

5/ Aikin kuma mu ce "tiyatar buɗe ƙeya". Galibi likita ba ya taɓa kogon. Ɗan ƙashin ƙeya yake cirewa, wani lokaci har da bayan ƙashin wuya na farko, ya tsaga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa ya yi mata faci don ta faɗaɗa. Ruwa ya samu hanya, sau da yawa kogon ya motse da kansa cikin watanni. Sai in ya ƙi ne ake sa siririn bututu ya riƙa tsiyaye shi.

6/ Mutanen Damagaram da Sakkwato, ku faɗa mana: in aka ce "kogon laka" a wajenku, tsohuwa za ta gane?