Abin da 'yan kasuwa suka ce kan tallafin gwamnati

A wata tattaunawa da masu ƙananan sana'o'i suka yi kan yadda ake samun tallafin gwamnati, bakinsu ya zo ɗaya kan rajista: a fara yi wa kasuwanci rajista a hukumar CAC, a buɗe masa asusun banki daban da na gida, sannan a yi rajista da SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, wadda ke ba da horo da shawarwari. Masu sarrafa kaya su nemi rancen Bankin Masana'antu, BOI, amma sai da rubutaccen lissafin ciniki, kuma a nan da yawa ke faɗuwa. Masu abinci da sabulu su nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.

Gargaɗin da na fi ɗauka: duk wanda ya ce ka biya shi ya saka sunanka a jerin tallafi, ko ya nemi lambar sirrin katinka, ɗan damfara ne.